Kada a daka ƙwayar magani sai an tambaya

Ƙwayar da aka haɗiya, in ba ta narke a ruwan ciki da na hanji ba, ba ta da hanyar shiga jini. Haka za ta bi hanji ta fita, ciwo yana nan inda yake. Magunguna da yawa kuwa ba sa jituwa da ruwa. Masana sun ƙiyasta kusan kashi 40 cikin 100 na waɗanda ke kasuwa suna da wuyar narkewa, domin ƙananan ƙwayoyin sinadarinsu kan jeru su manne da juna tamau, ruwa ya kasa ratsa su.

Dabarar da masu harhaɗa magunguna suka samo ita ce haɗa maganin da wasu sinadarai masu dogayen sarƙoƙi da ake kira folima, irin su fobidon da kofobidon. A masana'anta akan narka maganin tare da folima da zafi, inji ya matso su, su sandare tare. Folimar ta shiga tsakanin ƙwayoyin maganin ta hana su sake jeruwa, kamar yadda ake dama garin kunu da ruwan sanyi tukuna don kada ya yi gudaji. Da ƙwayar ta isa ciki, folima ta jawo ruwa, magani ya narke cikin sauƙi.

Mu da ke ƙasar zafi mun ci gajiyar wannan. Maganin ƙanjamau mai haɗe da lopinavir da ritonavir, da farko kafso ne mai taushi da ke buƙatar firij. Ina firij, ina wutar da za ta riƙe shi a ƙauye? A 2005 aka amince da sabon samfurinsa, ƙwaya da aka yi da kofobidon, wadda ta zo Afirka da sunan Aluvia, tana jure zafin ɗaki.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake yi da irin waɗannan ƙwayoyi a gida. Yaro ya kasa haɗiya, sai uwa ta sa ƙwayar a cokali, ta murƙushe ta da bayan wani cokalin, ta zuba a koko. Don ƙauna ta yi, babu mai zarginta. Amma da aka gwada wannan magani a jikin yara, an ga cewa in an niƙa ƙwayar, abin da ke isa jini yana raguwa da kusan rabi. Rabin magani kuwa shi ke ba ƙwayar cuta damar bijire masa. Iyaye mata, in yaro bai iya haɗiya ba, ku faɗa mana a asibiti. Akwai samfurin da aka yi musamman don yara.

Sai ajiya. Folima tana son danshi, in kuma ta sha laima, magani na iya komawa tsohuwar siffarsa mai wuyar narkewa, ido bai gani ba. Don haka a bar ƙwaya cikin takardarta ko robarta har lokacin sha, a toshe murfi sosai, musamman da damina. Ɗan ƙunshin nan mai tsotse laima da ke cikin roba, kada a jefar da shi. Kada a zazzage ƙwayoyi a leda a ɗaure a bakin zane ko a cusa a aljihun riga mai gumi, kada kuma a bar su a taga ko cikin mota da rana.

Wasu magungunan da abinci ake taimaka musu. Lumefantrine da ke cikin Coartem, na zazzaɓin cizon sauro, yana shiga jini sosai ne in an sha shi da abu mai maiƙo, kamar madara, nonon uwa ko kunun gyaɗa. Akwai kuma samfurinsa na yara da aka yi don a narka a ɗan ruwa. Wannan a narka shi, haka aka tsara. Sauran, kafin a fasa ko a daka ko a buɗe kafso, a tambayi likita ko ma'aikacin da ya ba da maganin.