Haɗa layukan haya a kan rauta: yaushe biyu da biyu ke zama huɗu?

Layin haya shi ne layin da kamfanin sadarwa ke ware wa abokin ciniki shi kaɗai, daga wani wuri zuwa wani, misali daga reshe zuwa hedikwata, ko daga ofis zuwa cibiyar mai sayar da intanet. Ba a raba shi da kowa, gudunsa a tafiya da dawowa ɗaya ne, kuma ana biyan kuɗinsa wata-wata ko an yi amfani da shi ko ba a yi ba. In aiki ya ƙaru layin ya yi kaɗan, sai a ji masu kula da na'urori suna cewa a ƙaro na biyu a haɗa su a kan rauta, wato na'urar da ke zaɓar wa bayanai hanyar da za su bi.

Dabarar ta samo asali ne daga yadda aka riƙa sayar da layukan a da. A Turai da Afirka da yawancin duniya, layin da aka fi sani a lokacin shi ne E1, mai ɗaukar megabit 2.048 a daƙiƙa. A Amurka da Kanada T1 ne, mai 1.544. Matakin da aka saba sayarwa bayan su kuwa tsalle ne mai nisa: E3 na da 34.368, T3 na da 44.736. Wanda buƙatarsa megabit shida ce ba shi da dalilin biyan kuɗin talatin da huɗu, sai ya karɓi E1 guda uku ya haɗa. Sai dai abubuwa biyu ne mabambanta ake kira haɗa layuka, kuma a nan mutane da yawa ke asarar kuɗinsu.

Na farko shi ne ɗaure layukan su zama layi guda na gaske. Tsarin da ya yi fice a wannan aiki shi ne MLPPP, wanda hukumar IETF, mai tsara ƙa'idojin intanet, ta fitar da ƙa'idarsa a takarda mai lamba RFC 1990 a shekarar 1996. Masu layin ISDN, wato layin tarho na dijital, sun ci moriyarsa sosai a wancan zamani, domin da shi ake haɗa tashoshi biyu masu kilobit 64 a samu 128. Bayanai a kan layi suna tafiya ne fakiti-fakiti, kuma babban fakiti yawanci bayit 1500 ne. Rautar da ke aikawa tana iya tsaga shi biyu, ta liƙa wa kowane gutsure lambar jeri, ta sa wa na farko alamar farko, na ƙarshe alamar ƙarshe, sannan ta jefa ɗaya a wannan layi ɗaya a wancan. Rautar da ke can ɗaya bakin tana karɓa, ta duba lambobin, ta mayar da fakitin yadda yake, ta miƙa gaba. Kamar a kwance babban inji ne a rubuta wa sassansa lamba, a loda su a motoci biyu, a sake ɗaura shi a inda aka sauke. Kwamfutocin da ke bayan rautocin ba su san an yi haka ba, layi ɗaya suke gani mai adireshin IP ɗaya. A rautar kamfanin Cisco, ana buɗe ƙofa (wato mashigar layi a rauta) ta ƙirƙira da umarnin interface Multilink1, a ba ta adireshin, sannan a shiga ƙofar kowane layi a rubuta ppp multilink group 1.

A irin wannan tsari ne mutum ɗaya mai sauke fayil ɗaya zai ga gudun layukan duka. Ko a nan ma lissafin bai cika cif ba. E1 ya kasu gida 32 masu kilobit 64 kowanne, kuma gida na farko na daidaita sahun layin ne, saura 31, wato kilobit 1984. Uku sun ba da 5952, a cire abin da lambobin jeri da sauran kanun fakiti ke ci. In aka raba da takwas, tunda bit takwas ne bayit ɗaya, abin da zai bayyana a allon mai saukewa ba zai kai kilobayit 744 a daƙiƙa ba.

Sharuɗɗansa kuma ba na wasa ba ne. Dole rautocin bakin nan da bakin can su yarda da juna, don haka dole duka layukan su ƙare a wuri ɗaya can. Ana so gudunsu ya zama ɗaya, jinkirinsu ma ya yi kusa da juna, domin in ɗaya ya zaga ta hanya mai nisa, gutsuren da ya riga isa zai zauna jiran ɗan'uwansa, duk tafiyar ta koma ta mai nawa. Abin da ya fi ba masu wannan aiki ciwon kai shi ne layin da ya kamu da ciwo amma bai mutu ba. In layi ya mutu murus, rauta za ta cire shi daga ɗaurin ta ci gaba da sauran, gudu ya ragu amma aiki na tafiya. Wanda ke ɓata gutsure jefi-jefi kuwa, duk gutsuren da ya lalata ya ja fakiti sukutum, har da rabin da ya bi lafiyayyen layi ya isa lafiya. Shi ya sa gogaggen ma'aikaci, da zarar umarnin show ppp multilink ya nuna masa gutsuren da suka ɓata suna ta hauhawa, yakan nemo layin mai laifi ya kashe shi da hannunsa kafin ma ya kira kamfanin sadarwa.

Na biyu shi ne raba kaya. A nan kowane layi yana nan da adireshinsa, rauta ce kawai ke da hanyoyi biyu masu daraja ɗaya zuwa wuri ɗaya, abin da ake kira ECMP. Yawancin rautoci suna duba adireshin mai aikawa da na mai karɓa, wasu har da lambobin tashar da manhajoji ke amfani da su, su yi wani ɗan lissafi, su ɗora wannan hira, wato musayar bayanai tsakanin kwamfutocin biyu, gaba ɗayanta a kan layi guda har ta ƙare. Ofis mai ma'aikata ɗari zai ji daɗin haka, tunda hirarrakin suna da yawa, za su watsu a kan layukan. Amma wanda ke kwashe ajiyar bayanai da dare daga wata babbar kwamfuta zuwa wata, hira ɗaya ce tak, za ta cika layi ɗaya maƙil, ɗayan yana zaune babu abin da yake yi.

Ana iya cewa rauta ta riƙa jefa fakiti ɗaya nan ɗaya can, ba tare da lambar jeri ba. A takarda abin ya yi kyau. A aikace fakitoci kan iso a birkice, shi kuwa TCP, tsarin da ke tabbatar da isar bayanai, in ya ga an maimaita masa amsa ɗaya sau uku yakan ɗauka fakiti ya ɓata, ya sake aikawa ya kuma rage gudu. Kiran murya ma ba ya jure wannan birkicewa. Ni dai ba na ba da shawararsa sai in babu wata mafita.

Yau layukan haya da yawa Ethernet ne a kan zaren fayiba, kuma abin da ake haɗa su da shi LACP ne, wanda ya fito a ƙa'idar ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE mai lamba 802.3ad a 2000, aka mayar da shi 802.1AX a 2008. Cisco na kiran irin wannan ɗauri EtherChannel. Yana ruɗar mutane, domin a ido ƙofa ɗaya ce mai adireshi ɗaya kamar MLPPP, amma a ciki raba kaya yake yi hira-hira, ba ya tsaga fakiti. Layi biyu masu gigabit ɗaya-ɗaya za su ɗauki gigabit biyu a jimla, fayil ɗaya kuwa ba zai wuce gigabit ɗaya ba.

In layukan intanet ne na kamfanoni biyu daban, maganar MLPPP da LACP ta ƙare, tunda babu rauta ɗaya a can da za ta tattara. Abin da ya rage shi ne raba hirarraki, kuma kowane layi na fita da adireshinsa na waje, har wasu shafukan banki kan kori mutum in suka ga adireshinsa ya sauya a tsakiyar aiki. Manyan kamfanoni suna mallakar adireshinsu da lambar cibiyarsu su yi amfani da BGP, tsarin da cibiyoyin intanet ke sanar da juna hanyoyi da shi, inda sarrafa abin da ke fita ke da sauƙi, na shigowa kuwa sai lallami. Wasu na'urorin SD-WAN, masu sarrafa layuka da yawa da manhaja, suna kauce wa matsalar ta hanyar ajiye wata na'ura a cibiyar bayanai, su haƙa rami, wato keɓantacciyar hanyar bayanai, ta kowane layi zuwa gare ta, ita ta jera fakitocin.

Akwai kuma masu haɗa layi don tsoron yankewa. Layi biyu daga kamfani ɗaya sau da yawa bututu ɗaya suke bi a ƙarƙashin ƙasa, motar haƙa ɗaya ta ishe su. Sai an nemi hanya daban a rubuce cikin yarjejeniya. Kafin a sa hannu ma, ya kamata a tambayi kuɗin ƙara gudun layin da ake da shi, domin a kan fayiba sau da yawa saiti ne kawai kamfanin zai canza.

Wajen gwaji, kada a dogara da shafukan auna gudu, yawancinsu suna buɗe hirarraki da yawa lokaci guda, sai raba kaya ya yi kama da ɗauri. A yi amfani da manhajar iperf3 tsakanin bakin biyu, a fara da hira ɗaya, sannan a ƙara -P 8 a kwatanta sakamakon. Daga nan a zare wayar layi ɗaya ana cikin gwajin, a ga daƙiƙa nawa rauta za ta ɗauka kafin ta gane.