Haihuwa a Ingila: abin da 'yar Sakkwato ya kamata ta sani tun ciki yana ƙarami

Yaushe zan fara awon ciki?

Da zarar kin tabbatar. A unguwannin Sakkwato irin su Mabera ko Arkilla wata sai ciki ya kai wata biyar take leƙa asibiti, saboda kunya. A Ingila kuwa ana so ungozomar asibiti ta gan ki kafin sati 10, domin lokacin ne ake gwajin sikila, ciwon da ba baƙo ba ne a gidajenmu. Hoton ciki sau biyu ne: wajen sati 12 da sati 20. Ki sha maganin folik asid maikirogiram 400 kullum har sati 12. In Turanci bai zauna miki ba, ki nemi tafinta, kyauta ne.

Za a caje ni kuɗin haihuwa?

In an biya miki kuɗin lafiya tare da biza, babu ƙarin kuɗi. Mai bizar ziyara kuwa ba za a kore ta ba, amma za a bi ta da takardar bashi, kuma bashin yana iya hana ta biza nan gaba.

Jaririn ya zama ɗan ƙasa?

A'a. Tun 1983 haihuwa a can kaɗai ba ta ba da wannan, sai in uba ko uwa ɗan ƙasa ne ko mai izinin zama na dindindin. A yi rajistar haihuwa cikin kwana 42, sannan a nema masa fasfon Najeriya da biza.

To jego fa, ba inna ba gwaggo a kusa?

Nan ne nauyin yake. Babu mai ɗora tukunyar wanka da asuba, babu mai karɓar jariri ki runtsa. Ungozoma takan zo gida a kwanakin farko, rana ta 5 a ɗan huda dunduniyar jariri don gwajin jini. Sauran aikin na maigida ne, ya nemi hutu tun da wuri. Ki yi wanka da ruwa mai ɗumi, ba mai ƙuna ba, musamman in tiyata aka yi. Kunun kanwa kuwa a rage sosai: gishirin da ke cikin kanwa yana tara ruwa a jiki, ya wahalar da zuciyar mai jego. Kumburin ƙafa da haki in kin kwanta, ko jinin da ke jiƙa ƙunzugu cikin awa ɗaya, ki kira 999, lambar kiran gaggawa, nan take.

Ragon suna?

A tura kuɗi gida a yanka a Sakkwato ranar bakwai, ko a ba mahaucin halal a Ingila.