Farfaɗo da ɓangaren faifan waje da ya ƙi buɗuwa

Farfaɗo da ɓangaren faifai aiki ne na ceto fayilolin da ke wani sashe na faifan ajiya bayan kwamfuta ta daina gane sashen. Abin ya fi samun faifan waje, wanda masu gyara ke kira estanal, domin shi ake cirewa ana mayarwa, ana jefawa a jaka, ana yawo da shi daga wannan kwamfuta zuwa waccan. Alamar sananniya ce. A jona faifai, fitilarsa ta kama, a ji yana juyawa, amma Windows ta nuna shi a matsayin RAW, wato faifan da ba ta gane tsarinsa ba, ta ce sai an yi masa fomatin kafin ya yi aiki. A Linux da macOS kuwa ɓangaren yakan fito a jerin faifai, sai dai ya ƙi buɗuwa. Sau da yawa hotuna da takardu suna nan inda suke. Abin da ya lalace shi ne ɗan rubutun da ke gaya wa kwamfuta inda za ta same su.

Yadda faifai yake a tsare

Faifai a yanke yake gida-gida, kowane gida ana ce masa sekta, mai ɗaukar bayit 512, ko 4096 a wasu. A farkonsa akwai teburin da ke faɗin inda kowane ɓangare ya soma da inda ya ƙare. Tsohon tsari, MBR, ya zo a 1983 tare da PC DOS 2.0, kuma duk teburinsa bayit 64 ne a cikin sekta ta farko, gurbi huɗu, ba shi da kwafi a ko'ina. Idan wannan sekta ɗaya ta taɓu, faifai mai terabayit guda sai ya zama kamar ba a taɓa rubuta komai a kansa ba. Sabon tsari, GPT, ya gyara wannan, yana ajiye kwafin teburin a can ƙarshen faifai.

Cikin kowane ɓangare kuma akwai tsarin fayil. NTFS, wanda ya fito a 1993, yana riƙe da babbar rajista mai suna MFT, inda kowane fayil ke da sunansa da wurin zamansa, kuma yana ajiye kwafin sektarsa ta farko a ƙarshen ɓangaren. FAT32 tana ajiye nata kwafin a sekta ta 6, exFAT a ta 12. A ext4 na Linux kwafin yana warwatse a wurare da dama, sanannen cikinsu shi ne bulo na 32768. Waɗannan kwafe-kwafen su ne jarin mai gyara.

Abin da ke jawo shi

Na farko shi ne zare waya ana cikin rubutu, ko ɗaukewar wuta. Manyan faifai masu inci 3.5 da ke shan wuta daga soket sun fi shiga wannan haɗari a inda lantarki ba shi da tabbas. exFAT da FAT32 sun fi saurin rikicewa, domin ba su da littafin da NTFS da ext4 ke rubuta niyyar aiki a ciki kafin su aikata.

Akwai kuma matsalar da ba ta faifan ba ce sam. Kafar USB 2.0 miliamfa 500 take bayarwa, ta USB 3.0 kuma 900, don haka faifan da bai ƙoshi da wuta ba yakan yi ta kamawa yana saki. Waya mai lahani ko ƙaramin allon da ke cikin akwatin faifan su ma haka. Shi ya sa ake fara canza waya da kafa da kwamfuta kafin a taɓa komai. Amma fasa akwati a ciro faifan yana da nasa tarko: wasu akwatuna suna nuna wa kwamfuta sekta 4096 alhali faifan na 512 ne, to da an jona shi kai tsaye sai lissafin teburin ya sauka a inda ba nan ba, lafiyayyen faifai ya zama RAW.

Mafi muni shi ne lalacewar jikin faifan. Farantan ciki suna juyawa sau 5400 ko 7200 a minti, allurar karatu na shawagi a kansu da tazarar da ido ba ya gani, saboda haka faɗuwa daga kan teburi yana cikin aiki ta isa. Manhajoji irin su CrystalDiskInfo da smartctl suna karanta rahoton lafiyar da faifan ke rubuta wa kansa, wato SMART. Lamba ta 5 tana ƙirga sektocin da aka riga aka sauya wa wuri, ta 197 kuma waɗanda suka ƙi karantuwa suna jira. Faifan da ke ƙara ƙas-ƙas-ƙas ba na manhaja ba ne. Kashe shi ake yi, a kai wa masu ɗaki marar ƙura, domin kowace kunnawa ƙarin karce ne.

Kwafi kafin gyara

Ƙa'idar aikin ita ce kada a rubuta komai a kan faifan da ya lalace. Ana fara ɗaukar hotonsa kaf, sekta bayan sekta, zuwa wani faifan da ya kai shi girma ko ya fi, sannan a yi duk gwaje-gwaje a kan kwafin. Manhajar GNU ddrescue, wadda Antonio Diaz Diaz ya rubuta, ita aka fi dogara da ita a nan. Dabararta ita ce ta kwashe wuraren da ke karantuwa cikin sauƙi tukuna, ta tsallake masu gardama, sai daga baya ta dawo musu. Tana kuma rubuta inda ta tsaya a wani ɗan fayil, ta yadda ko wuta ta ɗauke a tsakar dare, da safe ta ɗora daga nan. Aikin kan ci yini, wani lokaci kwanaki, kuma a nan ne mutane suka fi gajen haƙuri.

Wannan gajen haƙurin ne ke kai su ga chkdsk, manhajar Windows mai duba faifai. Ita aikinta daidaita tsarin fayil ne, ba ceton kayan mutum ba. Abin da ta kasa gane mai shi takan yanke shi ta zuba a folda mai suna found.000, a faifan da jikinsa ke ciwo kuwa gyaran gangar auzinawa take yi. Galibi ma idan ta ga RAW cewa take ba za ta iya ba, kuma hakan ya fi alheri. Fomatin ma iri biyu ne. Na gaggawa sabon teburi kawai yake shimfiɗawa, akasarin bayanan suna nan a ƙarƙashi. Cikakken fomatin kuwa, tun daga Windows Vista, sifili yake rubutawa a ko'ina, bayansa babu abin da ke dawowa.

Gyaran kansa

Manhajar TestDisk, ta Christophe Grenier ɗan Faransa, kyauta ce kuma tana aiki a Windows da Linux da macOS. Tana bin faifai tana neman sawun farkon ɓangarori, ta nuna abin da ta samu. Danna harafin P yana buɗe jerin fayilolin ɓangaren da aka zaɓa, kuma idan mutum ya ga foldojinsa da sunayensu, ya san an dace. Mai hankali a nan yake kwashe su zuwa wani faifai kafin ya bari ta rubuta sabon teburi ko ta mayar da kwafin sektar farko a gurbinta. A ext4 ana ba e2fsck, manhajar Linux mai gyara tsarin fayil, lambar ɗaya daga cikin kwafin ta yi aiki da shi.

Idan rajistar kanta ta tafi, sai a koma ga PhotoRec, abokiyar tafiyar TestDisk. Ita ba ruwanta da teburi. Sekta-sekta take bi tana neman alamar da kowane irin fayil ke farawa da ita, kamar FF D8 FF na hoton JPEG. Tana ceto abu da yawa, amma ba suna, ba folda. Mai ɗaukar hoton biki da ya ajiye aikin shekara uku zai tarar da dubban hotuna masu suna f da jerin lambobi, na wannan amarya a gauraye da na waccan. Manyan bidiyoyi da suka rarrabu a wurare daban-daban kan fito a gutsure.

Faifan SSD na waje, wanda ba shi da faranti masu juyawa, lamarinsa daban ne, domin umarnin TRIM, inda yake aiki, yana sa shi share abin da aka goge da kansa, wani lokaci cikin mintuna. Ɓangaren da aka kulle da BitLocker, makullin ɓoye bayanai na Windows, kuma, ko an dawo da shi daram, ba ya buɗuwa sai da kalmar sirri ko mabuɗin ceto mai lambobi 48.