Candy Crush Saga

Candy Crush Saga wasa ne na jera alawa da ake yi a babbar waya, wanda kamfanin King ya fitar a shekarar 2012. Da ɗan yatsa ake yin sa, ana shafa gilashin waya, kuma ba sai mutum ya iya karatun boko ko Turanci ba kafin ya gane kansa. Yana cikin wasannin waya ƙalilan da suka haura shekara goma ana yayinsu.

Asalinsa

An kafa King a 2003 a ƙasar Suwidin, kuma cikin waɗanda suka kafa shi akwai Riccardo Zacconi, ɗan ƙasar Italiya, wanda ya daɗe yana shugabantar kamfanin. A 2011 suka sa wani ɗan ƙaramin wasa mai suna Candy Crush a shafinsu na intanet. Daga shi aka faɗaɗa Candy Crush Saga, ya fito a Facebook ranar 12 ga Afrilu 2012, ya shiga iPhone a watan Nuwamba, sannan Android a Disamban wannan shekarar.

Ba King ne ya fara dabarar jera abu uku masu kama ɗaya ba, wasan Bejeweled ya riga shi yin suna da ita tun 2001. Abin da King ya ƙara shi ne doguwar hanya ta matakai da mutum ke bi ɗaya bayan ɗaya, yana ganin inda abokansa suka kai.

Yadda ake yin sa

Allon cike yake da alawa kala-kala. Ana musanya biyu da ke kusa da juna don uku masu kala ɗaya su jeru, su fashe, na sama su gangaro su cike gurbin. In huɗu aka jera, sai alawa mai zane ta fito, wadda ke share layi guda. In biyar ne a miƙe, sai a sami wata dunƙulalliya da ke kwashe duk alawar kalar da aka haɗa ta da ita. Kowane mataki da aikinsa da adadin motsin da aka yarje, in motsi ya ƙare aiki bai kammala ba, rai ɗaya ya tafi. Rai biyar ake ba mutum, kowanne yana ɗaukar minti 30 kafin ya dawo.

Duk wanda ya taɓa zama a gindin bishiya yana kallon dattawa na dara ba zai ga baƙon abu a nan ba. A dara ma jera 'ya'ya uku ne ke ba mutum damar cin na abokin wasa, kuma gwani shi ne mai hangen motsi biyu ko uku gaba. Bambancin yana da girma dai: dara da mutum ake yin ta, ana gardama ana dariya, kuma babu sa'a a cikinta, alhali a Candy Crush ba ka san alawar da za ta faɗo ba.

Kuɗin da ke cikinsa

Kyauta ake sauke wasan, amma a cikinsa ake ciniki. Wanda ya maƙale a mataki mai wuya, saura motsi ɗaya ya ci, shi ake yi wa tayin ƙarin motsi ko sabon rai da kuɗi. A gaskiya gajen haƙurin mutane kamfanin ke sayarwa, kuma ya san daidai lokacin da zai miƙo hajar. Masu biya kaɗan ne a cikin masu wasan, amma sun isa. A 2016 kamfanin wasanni na Activision Blizzard ya kammala sayen King a kan dala biliyan 5.9, a Oktoban 2023 kuma Microsoft ya saye Activision Blizzard ɗin kansa. A 2023 ɗin King ya bayyana cewa wasannin Candy Crush sun kawo masa sama da dala biliyan 20, matakan kuma sun kai 15,000. Akwai ƙannensa: Soda Saga na 2014, Jelly Saga na 2016 da Friends Saga na 2018.

A Katsina da Daura

Wasan ya bazu a nan ne tare da wayoyin Android masu sauƙin kuɗi irin su Tecno, Itel da Infinix. Da yawa ba su sauke shi da kansu ba, tura musu aka yi ta manhajar Xender daga wayar aboki, ko a shagon masu caji da tura finafinai. Babban abin da ya taimake shi shi ne yana yi ko babu data, abin da ba ƙaramin al'amari ba ne ga mai lissafin kowace naira.

Za ka ga mai shago a Ƙofar Ƙwaya da rana tsaka, kasuwa ta yi sanyi, ya jingina da buhun shinkafa yana shafa waya, ko fasinja a tasha yana jiran motar Daura ta cika. A cikin gidaje mata sun riƙe shi sosai, domin wasa ne da za a ajiye a duba tukunya a dawo ba a yi asarar komai ba, ga shi babu harbi babu jini. Iyaye na kukan yara suna cinye cajin waya, abin da ke da ciwo a ranar da ba a kawo wuta ba, wasu kuma na kokawa da yadda yake jan mutum har ya makara salla. Wannan kuka gaskiya ne, domin an gina wasan ne yadda kowace faɗuwa za ta sa mutum ya ce bari ya sake gwadawa sau ɗaya.

Game da biyan kuɗi kuwa, sayen rai galibi yana buƙatar katin banki da aka haɗa da waya, don haka aka fi jira ko roƙon rai wurin abokai. Wasu matasa sukan shiga saitin waya su tura agogo gaba da awa biyu da rabi, rayukan biyar su dawo, sannan su mayar da lokaci daidai.