Dokar Hana Aure a NDA: Abin da Ya Kamata Iyaye Su Sani Kafin a Sa Rana

Duk shekara idan aka buɗe cike fom na shiga Makarantar Horas da Hafsoshin Soja ta Najeriya, wato NDA da ke Kaduna, akwai sharaɗi guda da mutane ke karantawa su wuce kamar ba da su ake ba. Sharaɗin ya ce dole mai neman shiga ya kasance ba shi da aure, kuma babu wani yaro da doka ta ɗora masa nauyin ciyarwa. Namiji da mace duk ɗaya ne, tun da aka fara ɗaukar mata a 2011.

Ma'anarsa a fili take. Wanda aka ɗaura wa aure, ko da amarya ba ta tare ba, ya fita daga layi. Wanda ya rabu da matarsa amma akwai ɗa a tsakani, shi ma sharaɗin ya kama shi, domin nauyin yaron yana wuyansa. Kuma maganar ba ta ƙare a ranar shiga ba. Ɗalibi zai zauna haka har ya gama horo, shekara 5 ga mai kwas na yau da kullum: 4 na karatun digiri haɗe da horon soja, ta ƙarshe kuma aikin soja zalla.

Me ya kawo wannan tsauri? Sai mutum ya san irin zaman da ake yi a Afaka, inda makarantar take. Ɗalibi ba shi da ikon lokacinsa. Tun asuba ake tashi gudu, sai fareti, sai aji, sai atisaye a daji. Kowa yana ƙarƙashin bataliyarsa, irin su Burma, Abyssinia, Mogadishu da Dalet, kuma ba a fita ƙofa sai da izini. Mai iyali kuwa ana iya kiransa tsakar dare cewa yaro ba lafiya, ko mace na naƙuda. Makarantar da aka kafa a 1964 don ta samar da masu jagorantar sojoji a fagen daga ba ta son hankalin ɗalibinta ya rabu biyu. A ganina akwai adalci ga macen ma, domin ba ƙaramin zalunci ba ne a ajiye yarinya shekara biyar tana jiran hutun miji.

Inda abin ya fi shafarmu shi ne shekaru. Ana ɗaukar matasa ne masu ƙananan shekaru, daidai lokacin da a wasu gidajenmu ake fara zancen yi wa saurayi aure, balle 'ya mace. Wasu sai su ce a ɗaura a ɓoye, wa zai sani? Wannan ganganci ne. Bayanin ƙarya a fom ya isa a kori ɗalibi duk ranar da asiri ya tonu, ko da ya yi nisa a karatu.

Wanda ya shiga yana da 18 zai fito yana da 23, da digiri a hannu da anini a kafaɗa. Idan akwai alkawari tsakanin gidaje biyu, a zauna a yi wannan lissafin tare da iyayen yarinya kafin a karɓi kuɗin gaisuwa.