Daga Sawakin zuwa Jidda: waiwaye kan tafiyar alhazai a jirgin ruwa

Tun da kuɗin kujerar hajji ya haura naira miliyan 8 a 2025, maganar jirgin ruwa ta dawo majalisun Sakkwato. Wani yaro ya nuna mana bidiyo a wayarsa bayan la'asar: katafaren jirgi mai suna Aroya, na Saudiyya, wanda ya fara ɗaukar masu yawon shaƙatawa daga Jidda a Disambar 2024, yana cin mutum sama da 3,000, ga ɗakunan kwana, ga wuraren cin abinci. Wani dattijo ya karɓi wayar, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To mi ka hana a zuba alhazzanmu cikin wanga, a rage muna kuɗi? Ai kakanninmu ta ruwa sunka tai."

Gaskiya ne, ta ruwa suka ƙarasa. Amma ruwan shi ne ɗan guntun ƙarshe na tafiyar da kan ci shekaru.

Ayari kan tashi daga nan ya yi gabas, ta Kano da Borno, ya ratsa Wadai da Darfur, a ƙasa ko bisa jaki da raƙumi. Ayari mafi girma da tarihinmu ya riƙe shi ne na 1903. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi hijira, dubban mutane suka bar gonakinsu suka bi shi da niyyar isa ƙasa mai tsarki. Ya yi shahada a Burmi a watan Yuli. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a har Sudan, suka zauna a bakin kogin Nilu kusa da Sinnar, garin da har yau ake kira Mai Wurno. Wannan gari ya zama zango ga duk Basakkwacen da ya biyo baya.

Daga baya hanya ta ɗan yi sauƙi. Jirgin ƙasa ya iso Ƙaurar Namoda a 1929, motoci suka fara ratsa Chadi, a Sudan kuma akwai dogo daga El Obeid zuwa bakin teku. Abin da bai yi sauƙi ba shi ne guzuri. Yakan ƙare a tsakiyar hanya, sai a tsaya tsinkar auduga a gonakin Jazira na Sudan, waɗanda aka buɗe a 1925, a yi damina ɗaya ko uku kafin a tara kuɗin jirgi. Da yawa ba su ƙara gaba ba. Jikokinsu na can.

Kakata ta yi wannan tafiya tana amarya, ta dawo da goyo da wani yaro mai tafiya da ƙafarsa. Labarin Bahar Maliya shi ne wanda ba ta gajiya da bayarwa. A Sawakin, tashar jiragen ruwa ta Sudan a bakin Bahar Maliya, aka tsare su kwanaki, aka yi musu lamba, sannan aka ɗura su a jirgi kamar buhunan gero. Kowa ya shimfiɗa tabarmarsa a sarari, mata gefe maza gefe, buta a hannu. Ta ce da jirgi ya fara tangal-tangal, jiri da amai suka kwantar da rabin ayarin, wata tsohuwa 'yar Gwadabawa ta riƙe ta tana salati har gari ya waye. Ta ɗanɗana ruwan tekun da yatsa don ta tabbatar da gishirin da ake faɗa. Su ma masu rabo ne, don marasa takardu 'yan fito ne kan tsallaka da su da dare a ƙananan jiragen katako, a sauke su nesa da Jidda. Wasu sun nitse, wasu ƙishirwa ta kashe, akwai kuma yaran da aka sayar, domin sai a 1962 Saudiyya ta haramta bauta.

Jirgin sama ne ya rufe wannan babi. Sardauna ya yi hajjinsa na farko a 1955, kuma ya damu ƙwarai da halin da 'yan Arewa ke shiga a hanya. Hukumar alhazai ta ƙasa ta kafu a 1975, ta yanzu kuma, wato NAHCON, ta kafu a 2006. Yau maniyyaci kan tashi daga filin jirgi na Sultan Abubakar III ya sauka Saudiyya cikin 'yan awoyi.

Ina jin zafin manomin da ya yi shekara goma yana tari, kuɗin kujera na guje masa. Sai dai ban ga yadda jirgin ruwa zai share masa hawaye ba. Hanyar kakanninmu yaƙin Sudan ya toshe ta tun Afrilun 2023, kuma Darfur da suke ratsawa nan wutar ta fi ci. Saura ta Legas: kilomita kusan 1,000 a mota, sannan jirgi ya kewaye yammacin Afirka, ya shiga Bahar Rum, ya bi mashigin Suwez. Mako biyu ke nan ko fiye, zuwa kaɗai, ana ciyar da dubban mutane, galibinsu tsofaffi masu hawan jini da ciwon suga. Kuma babban kaso na kuɗin kujera ba na jirgi ba ne, na masauki ne da abinci da hidimar Mina da Arfa, kuma dukkansu da dala ake biya.

Na faɗa wa dattijon haka. Ya mayar wa yaron wayarsa, ya ce shi dai kuɗinsa na nan a asusun adashin gata na aikin hajji, bana ko baɗi.