Me yasa ake goge rubutunka a Wikipedia alhalin gaskiya ka faɗa?

Mutane da yawa na ƙorafin sun rubuta tarihin garinsu ko na wani malaminsu a Wikipedia, kwana biyu su dawo su tarar an goge, sai ransu ya ɓaci suce ai son kai ne. Toh doka ce ta jawo hakan: duk abin da ka rubuta sai ka nuna inda ka samo shi, wajen da wani daban zai iya zuwa ya duba da idonsa.

Tun da Jimmy Wales da Larry Sanger suka buɗe Wikipedia a 2001, kowa na iya gyara kusan kowace maƙala, ba mai tambayarka takardar makaranta, don haka ba wanda ya san ko farfesa ne kai ko ɗan aji biyu na sakandare, abu ɗaya da za a iya aunawa shi ne madogararka. Rahoton Aminiya ko Daily Trust ko BBC Hausa madogara ne, haka littafin da aka buga ko binciken da mujallar jami'a ta wallafa. Fostin na Facebook da saƙon murya na WhatsApp kuwa basa shiga, ita kanta Wikipedia ma ba a kafa hujja da ita.

Inda abin yafi mana ciwo mu Hausawa shi ne dokar hana binciken kai. Ko da kai da kanka kaje fada ka zauna da dattawa suka jero maka sarakunan garin tun daga na farko, ba zaka iya sa shi ba sai an wallafa shi a wani waje tukuna. Kuma tarihinmu mai yawa a baki yake, wajen tsofaffi da maroƙa da masu kirari, wallahi abin da zafi kaga ƙaramin ƙauye a Turai yana da doguwar maƙala, gari mai masarauta guda a nan ko layi biyar babu. Duk da haka ina bayan dokar, don in aka buɗe ƙofar "kakana ya faɗa min" kowane gidan sarauta zai kawo nasa kakan, kuma ba alƙalin da zai raba gardamar. Mafita ita ce a fara kai labarin ga ɗan jarida ko mai bincike ya wallafa, sannan a leƙa irin su Arewa House, cibiyar adana tarihi da ke Kaduna, da tsofaffin fitowar jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara tun 1939, akwai abubuwa jibge a can.

Akan mutumin da ke raye abin yafi tsanani. A 2005 wani ya rubuta ƙarya akan ɗan jaridar Amurka John Seigenthaler cewa an taɓa zarginsa da hannu a kisan shugaban Amurka John F. Kennedy da ƙaninsa Robert, ƙaryar ta shafe watanni a shafin kafin a cire, daga nan aka ƙara ɗaure dokar. Yanzu zargi mara madogara akan rayayye nan take ake cire shi, ba sai anyi shawara ba.

Yabo ma baya shiga, su "gwarzon talakawa" da "haziƙin da ba kamarsa" ka bar su gida, ka faɗi abin da mutum yayi da shekarar da yayi shi. In ana saɓani ka kawo duka ɓangarorin kace wane ya faɗi kaza. Rubuta maƙalar kanka ko ta ogan ka ba a so, in kuma biyanka akayi to tun 2014 dole ka bayyana. Kwafo rubutun jarida sukutum ma za a goge saboda haƙƙin mallaka, da kalmominka zaka rubuta.

In an cire maka gyara kar ka dinga mayarwa ana cirewa, a Wikipedia ta Turanci mayarwa fiye da sau uku cikin awa 24 a shafi ɗaya na jawo a toshe ka. Ka shiga shafin tattaunawa na maƙalar ka ajiye madogararka, ka tambayi wanda ya cire dalilinsa.